Malamina ya yi ritaya, shafin jami'a ya ƙi imel ɗinsa: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar neman gurbin digiri na biyu a Ingila.

Jami'ar na son takardar shaida daga malamai biyu. Ɗalibi ba ya ɗora ta da kansa. Sunan malami da imel ɗinsa kawai zai saka, shafin ya tura wa malamin saƙo, shi ya ɗora. Sharaɗin kuwa, imel ɗin ya zama na wurin aiki.

Ta farko ta shiga. Ta biyun ce ta cije: malamin da ya duba kundin bincikena ya yi ritaya, an rufe adireshinsa na jami'a, Gmail kaɗai gare shi, shafin kuma ya ƙi. Saura kwana 12 a rufe.

Idan ya rubuta a takarda mai tambarin sashe, ya sa hannu, shugaban sashe ya buga hatimi ya tura ta nasa imel, ofishin ɗaukar ɗalibai zai karɓa? Ko gara in nemi wani malami, alhali makina kawai ya sani, bai san aikina ba?