Injin zuƙar ƙura ya rage ja, alhali jakunkunan sababbi ne

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da injin zuƙar ƙura a wata masana'antar katako, irin mai jakunkunan tacewa da iskar kwamfaresa ke kakkaɓewa. Wata biyu ke nan da muka sa sababbin jakunkuna, amma jan ya sake raguwa. Garin katako na kwanciya a gindin injinan yanka, yara masu aiki sai tari suke yi, abin yana damuna ƙwarai. Gejin bambancin matsi, wanda ke hawa in jakunkuna sun toshe, ya saba zama a inci 4 na ma'aunin ruwa, yanzu ya haura 8. Manaja ya ce a sake sayo jakunkuna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Jakar da ta toshe cikin wata biyu, wani abu ne ya toshe ta. Fara da gejin kansa: cire siraran bututunsa biyu ka hure su, don ƙura kan cushe su ya riƙa yi maka ƙarya. In har yanzu yana nuna 8, tsaya kusa da tankin iska ka kasa kunne. Kowane bawul da ke sakin iskar kakkaɓe jakunkuna ya kamata ya buga da ƙarfi, gajeren bugu, bi da bi. Wanda ya yi shiru, duba solonoyid ɗinsa (na'urar lantarkin da ke buɗe shi) da wayarsa. Wanda ke ta huci ba tsayawa, robar cikinsa ta yage, kuma shi kaɗai ya isa ya zubar da iskar sauran. Irin wannan injin yawanci matsin iska bar 6 zuwa 7 yake so, kuma dole tankin ya sake cika kafin bugu na gaba.

Amsa ta biyu:
Ni ruwa nake zargi. Buɗe famfon ƙarƙashin tankin ka gani. In na'urar busar da iska ta lalace, kowane bugu feshin ruwa da mai ne a jikin jaka, ƙurar ta zama kamar laka ta bushe a kai. Na taɓa cire jaka na same ta tauri kamar fata. Duba mazurarin ƙasa ma: in bawul mai juyawa da ke fitar da ƙura daga cikinsa ya tsaya, ƙura ta taru, iska za ta riƙa mayar da ita kan jakunkunan.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, kafin ka buɗe ƙofar injin, kashe wuta ka sa kwaɗo, ka sauke iskar tankin. Garin katako yana fashewa in ya tashi a iska ya haɗu da tartsatsi. A 2008 ƙurar sukari ta kashe mutum 14 a matatar Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka. Kada kowa ya yi walda a wurin.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Robar bawul biyu ce ta yage, tankin ba ya wuce bar 3, kuma ruwan da na zubar ya kusa cika bokiti. Na canza robobin, na kashe fanka na bar shi yana kakkaɓa. Geji ya sauko zuwa 5 da rabi. Layi ɗaya na jakunkunan ya ƙi sakin ƙurar, shi za mu canza bayan an gyara na'urar busarwar.