Musayar waƙa: Wa zai biya kuɗin jinya a ƙasar Da-a-ce?

Ɗan Marina:
Na gina ƙasa a cikin mafarki,
Ba mai, ba gwal, ba gidan sarki,
Jinya kyauta dare da rana,
To wa zai ba likita ladan aiki?

Hajiya Tasalla:
Adashi za mu yi, Ɗan Marina,
Kowa ya zuba yana da lafiya,
Ranar da ciwo ya zo sallama,
Kwasarka ce, ba roƙo ba kunya.

Ɗan Marina:
Hajiya, na san uwar adashi,
Ranar kwasa ta bar ka da bashi,
In kwalara ta kwantar da goma,
Wa za a ba, wa za a bar shi?

Malam Na-Zaure:
Kun bar zakka kuna ta lalube,
Ɗaya cikin 40 daga dukiyar attajirai in an tattara ta zube,
A haɗa da waƙafin gona da shago,
Ba majinyacin da zai kwana a rakuɓe.

Ɗan Maraɗi:
Mu a Nijar mun ga kyauta tun 2006,
Yaro ƙasa da shekara 5 ba biya,
Gomnati ta yi jinkirin biyan likita,
Sai takarda a hannu, magani a kasuwa, wuya!

Baffa Alƙalami: Ɗan Maraɗi ya rufe taro, Allah ya ƙara basira. Amma Malam, ɗangonka na biyu fa? Na karanta sai da numfashina ya ɗauke. Wannan huɗuba ce.

Malam Na-Zaure: Baffa, naka gwanin ya cusa shekara cikin baiti, ɗangon ƙarshe yana ɗingishi, ka yi gum. Don surukinka ne?

Baffa Alƙalami: Nasa ɗingishi ne, naka karaya ce. Rera shi mu ji.

Hajiya Tasalla: Malam ya fi ku duka ma'ana, ku bar shi.

Gambo Kumasi (bayan kwana biyu):
Na makara, ku yi mini afuwa,
A Ghana harajin saye muka ɗora wa,
Ka sayi sabulu, ka biya wa wani allura,
Ku kuma kuna nan kuna auna ƙafar waƙa da tsawa.

Ɗan Marina:
Gambo, a Abuja shugabannin Afirka suka sha alwashi,
2001, kashi 15 na kasafi ga lafiya, ina shi?
Harajinka in ya zo ƙasata,
Ɓeran ofis ne zai fara lashi.

Hajiya Tasalla:
Kai da ka ce ƙasar mafarki ce,
Har ɓera ka shigo da shi ciki?
Ka hana adashi, ka hana haraji,
Tashi ka wanke ido, Ɗan Marina, ka tafi aiki.

Baffa Alƙalami: Hajiya, amsa-amon "ki" nasa ne, aro kika yi.

Malam Na-Zaure: Har yanzu ina jiran baitinka ko guda ɗaya, Baffa.