Fulogi, buji, ko ƙyastun inji?

1/ Masu rubuta darasin kanikanci da Hausa, ku zo mu tsayar da suna guda ga ɗan ƙarfen nan mai farin tangaran da ke tayar da wuta a injin fetur. A garejin Kano fulogi ne. Ka ƙetara Maraɗi ko Damagaram sai ka ji buji, aron Faransanci, inda asalinsa kyandir ne.

2/ Fulogi yana da kishiya: kan wayar da ake cusawa a soket ma sunansa ke nan. Buji kuwa, ɗan Najeriya zai ɗauka buje ka ce, ya tura ka wurin tela.

3/ Wani ya kawo "makunni". Abin kunna fitila ya riga ya cinye wannan.

4/ Ni ƙyastu na zaɓa. Kafin zuwan ashana, ƙarfe ake bugawa a kan dutsen ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan auduga. Aikin bai canja ba: kwayil, naɗin wayar da ke ƙara ƙarfin wutar batir, ya turo lantarki mai dubban volt, ya tsallaka giɓin da bai wuce milimita 0.7 zuwa 1.1 ba a yawancin motoci, fetur da iska su kama.

5/ Mu gwada shi a bakin aiki. "Kwance ƙyastun ka duba bakinsa." Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Baƙin toka a bushe, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, galibi ringin fistin, zoben da ke tare mai, ne ya cinye, kuma ko sabo ka sa haka zai koma. Fari fat, inji na ɗaukar zafi. Ko'ina sunan ƙyastu ya zauna daram.

6/ "Bari inji ya huce. Fara ɗaura sabon ƙyastu da hannu kafin ka kawo sifana 16 ko 21." Wanda ya fara da sifana ya karkace, haƙoran kan inji zai ci, aikin minti goma ya koma na yini. Ƙyastun tagulla yakan yi wajen kilomita 30,000, mai bakin ƙarfen iridiyom ya doshi 100,000.

7/ Wata ribar sunan: injin dizal ba ya ƙyastawa, matsin iska ke kunna mansa. Abin da ke jikinsa hita ne mai ɗumama shi kafin ya tashi, sunan ƙyastu ya raba su.

8/ Amma a shagon kayan gyara, ce fulogi, ka miƙa tsohon NGK ko Denso ɗinka a duba lamba. Ƴan Nijar, ƙyastun ya shige ku, ko kuna nan kan buji?