Na gama littafina: in kai madaba'a da kaina ko in ba ƙaramin kamfanin wallafa?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na kammala littafin gajerun labarai guda 12 da Hausa, ba na soyayya ba ne. Wanda ya tsara min shi a kwamfuta ya ce ya kama shafi 164 a girman A5. A Gusau nake, kuma ba zan iya yawan zirga-zirga zuwa Kano ba. Wani ƙaramin kamfanin wallafa ya ce in biya naira 900,000, su tace rubutun, su yi bango, su sa lambar ISBN tasu (lambar shaidar littafi), su buga 500, su ba ni 300, su riƙe 200 su sayar. Wata madaba'a kuma ta ce miliyan ɗaya da dubu ɗari za ta buga min 1,000, amma bugu kawai, sauran aikin nawa ne. Abin da ke hana ni yanke shawara shi ne ana ta ce min littafin da marubuci ya buga da kansa ba shi da daraja. Wanne zan bi?

Ɗan Bata: Wa alaikumus salam. Hajiya ki raba shi kashi uku, na ɗaya, na biyu, na uku. Ki tsayar da na ɗaya daidai inda amarya ta gano sirrin kishiya. Ki shigo Sabon Gari da kanki duk mako ki zagaya shaguna. Haka littafin soyayya yake tafiya.

Ummu Hanan: Malam, na ce gajerun labarai ne, kuma ba a Kano nake ba.

Mai Tawada: Ƙanwata, kafin maganar kuɗi, ki koma wurin mai tsara miki ya rage shafi huɗun nan ya koma 160. A injin bugu na Kord, faranti ɗaya, wato fallen ƙarfen da ake ɗora rubutu a kai a ɗaura wa inji, yana ɗaukar shafi 8 na A5, takarda ɗaya gaba da baya 16. Shafi 160 faranti 20 ke nan cif. Shafi huɗun da suka yi saura sai an yi musu faranti na daban, an sake ɗaura inji, kuma ke za ki biya. Babbar takarda ɗaya ana yanka ta biyu, tana ba da shafi 32, wato littafi ɗaya yana cin takarda 5. Kwafi 1,000 takarda 5,000, rim 10 ke nan, a ƙara kamar rabin rim na ɓarna lokacin daidaita tawada. Bango mai launi faranti 4 ne. Da wannan lissafin sai ki kira mai sayar da takarda ki ji kuɗin rim a yau, ki ninka, ki san nawa ne takarda nawa ne aikin hannu a cikin kuɗin da aka yanka miki.

Dalilin da ya sa 500 ba ta zama rabin kuɗin 1,000 shi ne faranti, tsari da bango kuɗinsu ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga. Takarda da aikin bugu da ɗauri ne suke ƙaruwa.

Baban Walid: Miliyan ɗaya da ɗari ai cuta ce. Dubu ɗari bakwai ma an buga.

Mai Tawada: Da wace takarda? In ka ji an karya farashi haka, to giram 60 ce ko takardar jarida. Giram 60 rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba. Takardar jarida kuwa kafin shekara ta koma ruwan ƙasa. A rubuta a takardar yarjejeniya: ciki giram 70, bango kati mai giram 250 ko 300, da rufin leda. Ɗaurin kuma a fayyace. Shafi 160 ya wuce a danne shi da waya, ƙashin bayansa zai kai kusan milimita 8. In gam kaɗai aka sa ba a karce bayan takardun ba, hunturu ɗaya gam ɗin zai bushe, a buɗe littafi shafuka su zubo. Ɗinki sannan gam ya fi tsada, amma shi ne mai ƙarko.

Baban Walid: To a kai Shomolu a Legas, can ne cibiyar bugu, ya fi sauƙi.

Mai Tawada: Ka sa kuɗin mota daga Legas zuwa Gusau, ka sa wanda zai tsaya a kan aikin. In an yi kuskure a bango sai kwalaye sun iso za a gani.

Alƙalami Ya Bushe: Duk kuna maganar bugu, alhali ba a nan kuɗin marubuci yake mutuwa ba. Bari in ba ku labarin wani dattijon marubuci, ba zan kama suna ba. Ya sayar da fili ya buga 2,000 don an ce masa haka ya fi arha. Ya raba wa masu shago bakwai a kan sai an sayar a biya. Babu rasit, sai wani littafin lissafi da ke hannun mai shago. Wata uku ya koma, na farko ya ce ba a taɓa ko ɗaya ba, alhali babu ko kwafi a kan kanta. Na biyu ya ce yaron shago ne ya karɓa, kuma yaron ya bar aiki. Na uku ya ba shi kuɗin kwafi 20 ya ce ya dawo bayan Sallah. Wani ya dawo masa da 60 bayan shekara, bangon duk rana ta cinye, gefe ya naɗe, ba mai saye. Kuɗin da ya shigo a tsittsinke ya shigo, yau dubu biyar gobe dubu uku, ya tafi a cefane da kuɗin motar bin bashi. Sauran kwalayen suna ɗakin soro, damina ta shiga ta ƙasa, gara ta gama da na ƙasan. Har yau in an ce masa yaushe na biyu zai fito sai ya yi dariya kawai.

Kuma kada ki ɗauka ƙaramin kamfanin nan ya bambanta. Kin biya kuɗin bugun 500 gaba ɗaya, sun riƙe 200. Ribarsu sun riga sun ci daga aljihunki, me zai sa su wahala wajen sayarwa? Mawallafi na gaskiya shi yake zuba kuɗinsa ya ba marubuci kasonsa. Wanda ya ce ki biya, madaba'a ce ta sa babbar riga.

Sarkin Tsokana: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littafi ya sha bugu, marubuci ya sha bugu, mai shago ya sayi sabon babur.

Anti Mai Kanta: Haba Malam Alƙalami, kada a yi mana kuɗin goro. Mai shago yana biyan haya, yana biyan yaro, kuma littafin da ba a san marubucinsa ba yana iya shekara a kanta yana tare wuri. La'adarmu kashi 30 cikin 100 ce. Wanda yake son kada a yi rigima ya ba da kaɗan-kaɗan: kwafi 10 ko 20, da rasit mai kwafi biyu kowa ya sa hannu, da ranar lissafi. Ba a ƙara wasu sai an biya na farko. Wanda ya jibge wa shago ɗaya kwafi 300 shi ya jawo wa kansa.

Alƙalami Ya Bushe: Kashi 30 a bakinki, Hajiya. Masu sari rabi suke nema, kuma bashi.

Anti Mai Kanta: Mai sari daban, mai kanta daban. Mai sari shi zai kai Zariya, Katsina, Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, shi ma sai ya bar wa na can nasu.

Malam Na Tsangaya: Ina ganin an bar ainihin tambayar Malama, wato maganar daraja. Raini yana da tarihi. Tun gasar rubutu ta 1933 a Zariya, wallafar Hausa a hannun hukuma da kamfanoninta take: Kamfanin Gaskiya, sannan kamfanin wallafa na Arewa, NNPC, daga 1966. Akwai masu tacewa, akwai ƙa'idar rubutu, kuma littafi yana shiga makarantu. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, matasa, musamman mata, suka fara buga nasu a Kano. Sai aka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano", kwatanci da na kasuwar Onitsha, aka yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990. Har ta kai a 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Amma a faɗi gaskiya, wani ɓangare na rainin marubuta ne suka saya da kuɗinsu. Ka buɗe littafi ka ga "yace" da "tace" a haɗe, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", ba shekarar bugu, ba sunan mawallafi. Mai nazari ba zai iya ko kafa hujja da shi ba. Don haka ni ina ganin sunan kamfani a bango yana da amfani.

Anti Mai Kanta: Allah ya gafarta Malam, kwafi nawa jami'a take saya? Ɗalibi ɗaya zai saya, ajin duka su yi hoto. Masu sayen littafi matan aure ne da 'yan mata, ba mai tambayar wane kamfani ne ya buga.

Malam Na Tsangaya: Hajiya, Malama daraja ta tambaya, ba ciniki ba.

Alƙalami Ya Bushe: Daraja ba ta biyan mai takarda. Shawarar wanda bai taɓa bin bashin kwafi goma a rana tsaka ba, a saurare ta da kunne ɗaya.

Mai Jan Biro: Ku yi haƙuri, abin da Malam ya lissafa duk ana gyara shi ba tare da kamfani ba. Malama, ga yadda ake yi. Tacewa hawa biyu ce: mai duba labari da tsarinsa daban, mai duba ƙa'idar rubutu daban, kuma na biyun bayan an gama tsara shafuka yake aikinsa, a kan takarda, ba a waya ba. Haruffa masu lanƙwasa a nan ake asararsu: in an buga rubutun da tsofaffin salon haruffan Hausa, aka buɗe a kwamfutar madaba'a da ba ta da su, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwati ko wata alama. Ki miƙa musu PDF kawai, kuma ki ce a fitar miki da samfuri ɗaya cikakke ki duba ki sa hannu kafin a ƙona faranti. Bayan faranti, kowane gyara kuɗi ne.

ISBN kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayarwa, lamba 13 ce, ta Najeriya tana farawa da 978-978. Marubuci yana iya nema da kansa. In kamfani ya sa tasa, a rajista shi ne mawallafi, ranar da kika so sake bugu a wani wuri sai kin nemi sabuwa. Doka kuma ta ce a kai musu kwafi 3 bayan fitowa, mutane da yawa ba sa yi, shi ya sa littattafanmu suke ɓacewa ba a san an yi su ba. In kin zaɓi kamfanin, ki tambaye su abu huɗu a rubuce: haƙƙin mallaka na wa ne, nawa ne kasonki a kan 200 ɗin, yaushe ake lissafi, kuma za su ba ki fayil ɗin da aka tsara? Ki nemi littafi biyu da suka taɓa fitarwa ki karanta shafi goma. In kin tsinci kuskure biyar, kin ga irin tacewarsu.

Baban Walid: Ki yi ƙaddamarwa kawai, rana ɗaya kin mayar da kuɗinki.

Sarkin Tsokana: Babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan biyu, a lasifika. Washegari ka je ofis a ce Alhaji ya tafi Umara.

Anti Mai Kanta: Wannan gaskiya ne. Ana lissafa abin da aka ajiye a faranti ranar, ba alkawari ba. A cire kuɗin zaure, kujeru, lemo da katin gayyata tukuna.

Maman Ikram: Ni duk ban ga abin wahalar takarda ba. A sa a waya, a buɗe rukunin WhatsApp, shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya 500. Ba faranti, ba gara, ba mai shago.

Alƙalami Ya Bushe: An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mutum ɗaya zai biya 500, cikin dare ya kwafe ya watsa a rukuni goma. Wasu ma haɗa littafin suke su cire sunan marubuciya su sayar da shi a matsayin nasu.

Maman Ikram: Wannan kam ya fi ciwo. Ga masu karantawa a YouTube, su ɗauki littafi sukutum su karanta da murya, su sa talla, marubuciya ba ta sani ba sai masu karatu sun turo mata. In ta yi magana a ce ai tallata ta ake yi.

Mai Jan Biro: Satar fasaha ce, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka ɗora a intanet. YouTube yana da fom na kai ƙara, ana sauke bidiyo in an nuna hujja. Ki ajiye rubutunki na asali mai kwanan wata, da hoton inda kika fara sakinsa. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ma tana yin rajistar ayyuka. WhatsApp ne mai wuya, don ba ka ganin inda abin ya bi.

Maman Ikram: A sauke yau, gobe ya buɗe sabuwar tasha da wani suna. Kuma masu sauraron ne za su zo su zage ki, wai kin hana su jin ƙarshen labari.

Malam Na Tsangaya: Laifin ƙungiyoyin marubuta ne. Da za su haɗu su ɗauki lauya ɗaya...

Alƙalami Ya Bushe: Su gama rigimar shugabanci tukuna.

Ummu Hanan: Na gode ƙwarai, na rubuta maganar shafi 160 da tambayoyi huɗun. Amma har yanzu ban ji ba, 500 a hannun kamfani ko 1,000 a hannuna? Kuma wa zai sayar min a Gusau?

Ɗan Bata: Hajiya har yanzu ina kan bakata, ki raba shi uku.

Maman Ikram: Malam Mai Jan Biro, don Allah fom ɗin YouTube ɗin nan, da waya ana iya cikewa ko sai an je shagon kwamfuta?