Sai an ga fuska ake bayarwa?

Sakatare: Assalamu alaikum. Magariba ta raba mu ranar Asabar ba mu ƙare magana ba. Ga abin da Ɗan Abijan ya faɗa cikin vokal ɗinsa, wato saƙon murya: ƙungiyarmu ba za ta tara kuɗin kirki ba muddin muna ƙin sa fuskar marar lafiya da maraya a Facebook da TikTok. Akwai yarinyar da likita ya ce a kai Yamai a yi mata aiki, lokaci na tafiya. Kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Ɗan Abijan: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Ku da ke Tawa kuna jin sanarwa a masallaci, kun san gidan, kun san uwar yarinyar. Mu fa? Adarawan da ke nan Ajame, da na Libiya, da na Kamaru, ba abin da ke iso mu sai ta telefon, kuma rabin waɗanda nake kwana da su ba su karanta boko. Na sha tura musu rubutunku, shiru. Amma ran da wani ya turo bidiyon yaro kwance, kafin la'asar an haɗa jikkuna. Gani ya kori ji. Wanne ya fi, a ga fuskarta ta warke, ko a rufe ta ciwo ya ci gaba da cin ta?

Hajiya Ma'ajiya: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, na san zafin zuciya ne ya sa ka. Amma ni nake shiga ɗakunan nan. Za ka ce a tambayi uwa ta yarda. Uwar da 'yarta ke kwance, ba ta da ko dala, aka ce mata kuɗi na zuwa in an ɗauki hoto, da wane baki za ta ce a'a? Wannan ba yarda ba ce, dole ce. Yarinyar nan za ta girma, za ta je lakwal, wata rana a zo neman aurenta, bidiyon yana nan cikin telefon ɗin mutanen da ba mu sani ba. Mu da muka kafa ƙungiya don rufa wa mutane asiri, mu ne za mu tona?

Mushe: Ina da tambaya ga Ɗan Abijan. A 2014 an yi gangamin nan na sheƙa ruwan ƙanƙara a kai, don wata cutar jijiya. Ƙungiya guda a Amurka ta samu dalar Amurka miliyan 115 cikin 'yan makonni. Wa aka gani cikin yawancin bidiyoyin? Masu bayarwa ne, kowa na kiran sunan abokansa yana cewa ku ma ku yi. Mutum yana bayarwa ne saboda wanda ya sani ya roƙe shi.

Ɗan Abijan: Mushe, can daban nan daban. Bature yana gani ya danna, kuɗi su fita daga katinsa nan take. Maɓallin ba da taimako na Facebook ba a buɗe wa ƙungiyoyin Nijar ba, GoFundMe ma sai kana da wani a Turai ko Amurka da zai karɓar maka. Namu sai ya tashi daga wurin sana'a, ya je Nita ko Amana, ya bi layi, ya biya kuɗin aike. Kafin ya isa tausayin ya huce, in ba abin da ya gani ya girgiza shi sosai ba.

Mushe: To ai ka nuna mana inda ciwon yake. A sauƙaƙa hanyar biya: lamba guda ta Airtel Money, guda ta MyNita, da mutum guda amintacce a kowane gari da zai bi 'yan uwa ya haɗa ya aiko gaba ɗaya.

Baba Malam: Bari in sa baki, don na ji wasu suna cewa roƙo a bainar jama'a riya ne. Ba haka ba ne. A Baƙara aya ta 271 Allah ya yaba sadakar bayyane, ya ce ta ɓoye ta fi. Kuma lokacin da mutanen Mudar suka zo Madina ba takalmi ba tufafin kirki, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tara mutane ya yi huɗuba, aka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Saboda haka kira a intanet halas ne, har da lada. Amma aya ta 264 ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Abin da nake so ku auna shi ne ko hoton nan zai cutar da yarinyar, yau ko bayan shekara goma. Wanda zai amsa wannan tambaya tsakani da Allah, ya amsa.

Majo: Baba Malam, ni zan amsa daga gefen aikina na gidan likita. Bayanin ciwon mutum sirri ne, kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke sa ido a kai. Masu ɗaukar bidiyo a ɗakin jinya har na gadon kusa suke haɗawa, wanda ba a ko gaishe shi ba. Sannan yawancin sanarwar da nake gani ba su faɗin abin da ake bukata, sai "a taimaka fisabilillahi". Nawa? Na me? Tun 2006 aka ce jinyar yaran da ba su kai shekara biyar ba kyauta ce, a 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin gidajen likita na gwamnati da rabi. Mai bayarwa ya ji wannan a rediyo, dole ya yi tambaya. Sai mu gaya masa gaskiya: abin da ke karya iyali shi ne maganin da ake saye a farmasi, da motar Tawa zuwa Yamai, fiye da kilomita 500, da ci da kwanan mai jinya na makonni. A ɗauki hoton takardar likita, a rufe suna, a rubuta kowane abu da kuɗinsa.

Mai kula da shafi: Iyayena, ku ba ni dama, ni ke riƙe da shafin kullum. Yaya Ɗan Abijan yana da gaskiya wuri guda: abin da ke da fuska da kuka shi ya fi yawo, don manhajar na ƙara tura duk abin da mutane suka tsaya kallo. Amma in na ɗauki littafin Inna Hajiya na duba sunayen waɗanda suka aiko, kusan duk mutanenmu ne na WhatsApp, waɗanda wani cikinmu ya kira da suna. Na TikTok "Allah ya ba da lafiya" suke rubutawa su wuce. Addu'a muna so, amma farmasi kuɗi take karɓa. Ga tsadar mega: bidiyo ba ya buɗewa inda reso ba ƙarfi, vokal kuwa har ƙauye yana isa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sata. Na ga bidiyon wani yaro da ya riga ya rasu yana yawo, an goge lambar iyayensa an sa wata. Da zarar ya fita hannunmu, ba mu da ikon dawo da shi. Kuma ku tuna ambaliyar 2024, da har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Gidajen da suka zube aka nuna, da tsohon masallacin Damagaram da ya rushe, mutane suka ba da hatsi da tabarmi ba tare da an haska fuskar kowa ba.

Ɗan Abijan: Ƙanwata, gida ana ganin rushewarsa. Ciwon cikin ciki da me za a nuna shi? Ku ba ni hoton ni kaɗai, in nuna wa mutum biyar masu hali a nan, ido da ido, ba zan tura wa kowa ba.

Hajiya Ma'ajiya: Kai na yarda da kai. Amma Alhajin da zai ce "turo mini in nuna wa maiɗakina", za ka iya hana shi? Ni abin da na lura, waɗanda muka aika wa resi da lissafin aikin bara, har da canjin da ya rage, su ne suka fara kira bana suna tambaya ko akwai wani aiki. Wannan sai an yi haƙuri, ba ya zuwa cikin yini guda.

Ɗan Abijan: Yarinyar kuma ba ta da wata shida na jira, Inna.

Shugaba: Ya isa haka. Ga yadda za mu yi a wannan karon. Majo ya kawo takardar likita da lissafi yau da dare. Baba Malam ya yi vokal da Hausa, Mushe ya rubuta da Faransanci don 'yan Yamai. Ba fuska, ba sunan yarinya, ba sunan unguwa. Kowace safiya Hajiya ta fitar da abin da ya shigo da abin da ya rage. Wanda ke son tabbaci, a kira shi ya yi magana da Majo ko da kawun yarinyar. Ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa mu duba inda muka kai.

Ɗan Abijan: Na bi, amma a rubuta cewa in Lahadi ta zo ba mu kai rabi ba, zan sake ta da maganar. Sakatare, turo mini vokal ɗin da lambar biya kafin isha'i, lokacin ne mutanena ke dawowa daga kasuwa.