Intanet da Yarda Tsakanin Majiyyaci da Likita: Abin da Aka Tattauna

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan yadda intanet ke shafar yarda tsakanin majiyyaci da likita.

1. Kusan kowa ya yarda cewa yanzu mara lafiya kan zo wurin likita ya riga ya laluba Google ko TikTok. Ba laifi, muddin tambaya ya zo da ita, ba hukunci ba.

2. Kada a daina shan magani saboda wani bidiyo. Babu wanda ya musa.

3. An fi daɗewa kan labaran ƙarya. An kawo misalin binciken da mujallar The Lancet ta buga a 1998, wanda ya danganta rigakafin ƙyanda da galahanga (autism). An janye shi a 2010, amma har yau zancen yana yawo a WhatsApp, iyaye suna ta ɗari-ɗari.

4. Likitoci ma ba su tsira ba. Da yawa sun ce wanda ya gwasale majiyyaci don ya yi bincike, shi ya miƙa shi ga masu tallar magani. Ni ma haka nake gani.

5. Kai ya rabu kan fallasa likita a kafafen sada zumunta. Wasu sun ce yana rage sakaci. Wasu kuma sun ce rashin adalci ne, tunda sirrin majiyyaci ya hana likitan kare kansa.