Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa aisotof?

Jama'a, salamu alaikum. Akwai wata kalma da nake so mu taru mu raɗa mata suna, wato aisotof. Masu nazarin duwatsu a nan Jos suna furta ta kullum a ajin karatu, amma da an zo yi wa mai haƙar ma'adinai ko manomin rani bayani, sai harshe ya sarƙe.

Sinadarin da ya jawo maganar yana da sunansa tun kaka da kakanni: farar wuta. Wasu malamai kan ce kibritu, aro daga Larabci. 'Yan ƙoli suna sayar da ita, da ita ake haɗa albarushi. Dutsen tozali ma, irin wanda ake haƙa a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase, dalma ce haɗe da farar wuta.

Ga inda gizo ke saƙar. A cibiyar ƙwayar zarra akwai wasu ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutiron. Kowace ƙwayar zarra ta farar wuta tana da furoton 16, shi ya sa gurbinta na 16 a jadawalin sinadarai. Amma yawan niyutiron yakan bambanta, sai nauyi ya bambanta. Akwai mai nauyi 32, ita ce kusan kashi 95 cikin ɗari. Mai 34 ta ɗan haura kashi 4. Mai 33 da mai 36 'yan ƙalilan ne. Dukansu farar wuta ce, ido ba ya rabe su, hanci ba ya rabe su. Waɗannan su ne aisotof. Frederick Soddy ya shigo da kalmar a 1913, bisa shawarar wata likita 'yar Sikotlan, Margaret Todd, kuma a harshen Girka ma'anarta wuri ɗaya.

Wata malamar sakandare a Bukuru ta ce mu kira su tagwaye. Kalmar tana da daɗi a baki, yara za su riƙe ta nan take. Amma tagwaye biyu ne, farar wuta kuwa huɗu gare ta masu ɗorewa, sinadarin da ake fitarwa daga kuzarmu yana da goma. Wani dattijo ya kawo 'yan uba: uba ɗaya, ɗakuna daban. Ranka ya daɗe, hikimar ta burge ni ƙwarai. Abin da ya hana ni bin ta shi ne 'yan ubanci, domin duk Bahaushen da ya ji kalmar, kishi da gaba zai fara tunawa, alhali waɗannan tare suke tafiya cikin kowane dutse. Masu cewa a bar aisotof yadda take, kamar yadda muka karɓi intanet, su ma suna da hujja. Sai dai intanet kowa yana riƙe da ita a hannu, aisotof kuwa ba wanda zai taɓa ganinta, don haka sunan ne zai ɗauki nauyin bayani.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ɗan gurbi, jam'i 'yan gurbi. Gurbinsu ɗaya a jadawali, nauyinsu ne daban. Sunan bai ƙayyade adadi ba, bai ɗauko gaba ba, kuma ya dace da abin da masu kalmar suka nufa tun farko.

Mu gwada shi a kan aikin kansa, domin suna sai ya shiga jimla ake sanin ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa tono baƙar laka daga gindin kududdufi ya san warin baragurbin da ke tashi. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa inda babu iskar oksijin suke sarrafa farar wutar da ta narke a ruwa, kuma sun fi saurin ɗaukar ɗan gurbi mai sauƙi, wato 32. Saboda haka fairait, dutsen nan na ƙarfe da farar wuta mai ƙyalli kamar zinare, idan a cikin laka ya samu, za a tarar da ƙarancin ɗan gurbi 34 a jikinsa. A ɗakin gwaji ana shanya lakar, a niƙa, a zuba mata asid mai sinadarin kuromiyam, iskar mai wari ta tashi, a kama ta da ruwan azurfa. Sai a ƙona abin da ya kwanta, na'ura ta rarrabe 'yan gurbin bisa nauyinsu ta hanyar amfani da ƙarfin maganaɗisu. Ana kwatanta sakamakon da ma'aunin da ya samo asali daga wani dutse da ya faɗo daga sama a Arizona ta Amurka, ana lissafi da kashi cikin dubu. A yawan ɗan gurbi 34, ruwan teku na yau ya ɗara ma'aunin da kusan kashi 21 cikin dubu.

Kun ji? Ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Har binciken James Farquhar da abokan aikinsa na shekarar 2000 za mu iya faɗa a gida: sun duba ɗan gurbi 33 a duwatsun da suka haura shekara biliyan 2.4, suka ga alamar cewa a wancan zamani kusan babu oksijin a sararin duniya.

Abin da ya sa na damu bai kai nisan nan ba. Fairait idan aka tono ta ta haɗu da iska da ruwan sama, asid take zubarwa. Manomanmu suna ban ruwa daga tsoffin ramukan haƙa, kuma auna 'yan gurbi yana taimakawa a gane ko farar wutar da ke cikin ruwa daga dutse ta fito ko daga takin zamani. Ranar da aka kai wa mai unguwa irin wannan sakamako, ya cancanci a faɗa masa da harshensa.

Saura rabin aikin. Akwai 'yan gurbin da ba sa ɗorewa, kamar farar wuta 35 da rabinta ke rugujewa cikin kwana 87, ko na sinadarin toriyam da ke cikin dusar kuza. Na ce ɗan gurbi mai ɗorewa da ɗan gurbi mai rugujewa. Ta farkon ta zauna mini, amma rugujewa ta fi kama da ginin ƙasa a damina. Malaman Hausa da na kimiyya, don Allah a kawo wadda ta fi ta.